SEO da shafukan labarai na intanet: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga matasa masu buɗe shafukan labarai, da kuma 'yan jaridan da suka taso a rediyo ko jaridar takarda yanzu aka ce su dawo intanet. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Bari in faɗi matsayata tun daga farko don kada a ce na ɓoye: SEO abu ne mai amfani matuƙar aikin jarida ne a gaba shi yana biye, amma ranar da aka juya ya zama Google ne ke zaɓa wa edita abin da za a rubuta, toh daga nan ɓarna ta fara.

Wai menene ma SEO ɗin nan da ake ta faɗa?

Dabarun gyara shafi ne da gyara rubutu ta yadda injin bincike irin Google zai gano labarinka, ya gane abin da yake magana a kai, sannan ya nuna wa wanda ke nemansa. Aikin nan hawa uku ne. Na farko akwai wata manhaja ta Google mai suna Googlebot da ke yawo a intanet tana bin linki daga shafi zuwa shafi. Na biyu abin da ta gano sai a adana shi a rumbun Google. Na uku idan mutum ya rubuta abin da yake nema, sai algoridim, wato tsarin lissafin da injin ke bi, ya jera shafukan, wane ne a sama wane ne a ƙasa. In aka samu matsala a hawa na farko ko na biyu, ko da ka rubuta labarin da ya fi na kowa ba mai ganinsa a can.

Akwai wasu injinan kamar Bing, amma Google ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya, shi ya sa kusan duk maganar a kansa take ƙarewa. Kuma ga mai labarai ba wuri ɗaya ba ne, akwai sakamakon bincike na yau da kullum, akwai akwatin manyan labarai da ke fitowa a sama, akwai Google News da aka fara a 2002, sai kuma Discover wanda ke turo wa mutum labarai a waya ba tare da ya nemi komai ba. Duk waɗannan ba biya ake yi a shiga ba, talla daban take.

Mu da mutanenmu daga Facebook da WhatsApp suke zuwa, me ya haɗa mu da Google?

Gaskiya ne mafi yawan masu karanta labaran Hausa ta nan suke shigowa, ba na musu. Amma ka duba abin da ya faru da waɗanda suka jingina da Facebook kaɗai. A watan Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai rage nuna abubuwan kafafen watsa labarai ya fifita na 'yan uwa da abokai, kafin ƙarshen Fabrairu wani babban shafi a Amurka mai suna LittleThings ya rufe, kuma su da kansu suka ce wannan sauyin ne ya karya su. A Kanada kuma tun watan Agustan 2023 Meta, kamfanin da ke da Facebook, ta toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram saboda dokar da ta nemi su riƙa biyan gidajen jarida.

Sannan akwai bambanci tsakanin mutum biyun. Wanda ya zo daga Facebook yana cikin wucewa ne ya ci karo da kai, wanda ya zo daga bincike kuwa shi ya tashi da niyyarsa ya nemi abin. Fos ɗin Facebook bayan kwana ɗaya ko biyu ya nutse, amma bayanin da ka rubuta mai kyau kan yadda ake sabunta fasfo ko yadda ake gyara suna a NIN zai iya yin shekara yana kawo maka mutane.

To a zahiri wane amfani gidan labarai ke samu?

Babba dai shi ne masu karatu da ba ka biya kuɗin talla ka same su ba. Amma akwai wanda ni na fi ganin darajarsa, wato yana tilasta wa ɗan jarida ya fito fili ya faɗi abin da yake nufi. Mu da muka saba da doguwar shimfiɗa kafin a shiga magana, SEO na cewa faɗi wane, me ya yi, a ina, yaushe, tun a layin farko, kuma ai wannan shi ne abin da ake koya wa ɗalibin jarida tun ajin farko.

Sai kuma sanin abin da ke damun jama'a. Google Trends da Search Console, kayan aiki biyu na Google, duk kyauta ne, za su nuna maka abin da mutane ke tambaya da kalmomin da suke amfani da su. Wani lokaci za ka ga kowa ya buga cewa gwamnati ta fito da sabon shiri, amma abin da talaka ke nema shi ne wa ya cancanta, ina ake rajista, yaushe za a rufe, kuma ba wanda ya amsa masa. In ka amsa, ka yi aikin jarida na gaske kuma ka samu mutane.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wata dama ta daban. A Turanci kowane batu dubban shafuka ne ke kokawa a kai, a Hausa kuwa filin da saura sosai. A manyan labaran ƙasa da na duniya ba za ka iya ja da BBC Hausa da ke aiki tun 1957 ba, ko DW da RFI da Aminiya, sunansu ma kaɗai mutane ke rubutawa a wurin bincike. Amma labarin ƙaramar hukumarku, farashin hatsi a kasuwar Dawanau ko ta Maraɗi, yanayin hanyar garinku da damina, wannan kai ka fi su kusa da shi, kuma sau da yawa in an nema babu wanda ya rubuta.

Yaya ake rubuta taken labari da zai yi wa Google daɗi ba tare da an yaudari mai karatu ba?

Ka rubuta abin da ya faru, shikenan sirrin. Ka kwatanta waɗannan biyun: “Abin da ake jira ya fito, ɗalibai ku garzayo” da kuma “JAMB ta fitar da sakamakon UTME, ga yadda ake dubawa”. Na farkon ba wanda zai taɓa nemansa da waɗannan kalmomin, injin ma bai san kan me ake magana ba, na biyun kuwa yana da sunan hukuma da sunan jarrabawa da abin da ɗalibi ke so. Kaga a nan abin da ya dace da injin shi ne ya dace da mutum.

Ka sa muhimmin suna ko wuri a farkon taken, domin in ya yi tsawo Google na datse shi a wajen haruffa 60 ko kusa da haka. Kada ka cusa kalma ɗaya sau biyar a cikin sakin layi wai don injin ya gani, wannan tsohon yayi ne kuma yanzu yana cikin abubuwan da dokokin Google suka hana. Ka kuma sani wani lokacin Google da kansa yake sauya taken da yake nunawa in ya ga naka bai dace da abin da ke ciki ba.

Abin da nake roƙo a bari shi ne irin taken nan na “Innalillahi” a kan hoton wani fitaccen jarumi ko malami, mutum ya shiga gabansa na faɗuwa sai ya tarar ashe a cikin fim ne ya mutu ko kuma wani maƙwabcinsa ne ya rasu. Wallahi wannan ba dabara ba ce, cutar da iyalan mutum ne, kuma mai karatu in ka yi masa haka sau biyu ya riƙe sunan shafinka ya daina shiga ko da gaskiya ka kawo.

Haruffa masu lanƙwasa fa, in saka su ko in bari? Mutane ai ba sa rubuta su in suna nema

Wannan tambayar ta mu ce mu kaɗai, ba za ka same ta a darussan Turawa ba. Haka ne, mafi yawan masu nema da k da d da b na kawai suke rubutu, wasu ma rabin Hausa rabin Turanci. Ga kuma bambancin rubutu, wani ya rubuta Najeriya wani Nijeriya, a Nijar ana amfani da ƴ inda a Najeriya aka fi saka 'y, suna ɗaya kuma za ka gan shi Muhammad da Muhammadu da Mohammed.

Shawarata a cikin labarin ka rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta, domin shafin labarai makaranta ce ga yaran da ke tasowa ko mun so ko mun ƙi, bai kamata mu lalata rubutun harshe don neman kilik ba. Amma a adireshin labarin, wato linkin da ake kwafa a tura, ka yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, saboda harafin ƙ guda ɗaya in aka kwafi linkin yakan rikiɗe ya koma %C6%99, linkin ya yi tsawo ya yi muni mutane su ji tsoron taɓa shi a WhatsApp. Ka zaɓi rubutu ɗaya na sunayen ƙasashe da mutane ka tsaya a kai. Sannan ka riƙa leƙa Search Console kana ganin ainihin kalmomin da suka kawo mutane shafinka, wannan ya fi duk wani hasashe. Ka kuma tabbatar an saita harshen shafin a matsayin Hausa, alamarsa ha, don da yawa suna barinsa a Turanci yadda ya zo da tim, wato tsarin fasalin shafi, na WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita.

Ina haɗarin yake? Naga kamar duk alheri ne

Haɗarin farko ba a kwamfuta yake ba, a teburin edita yake. Misalin da aka fi kawowa shi ne na shafin labaran Amurka Huffington Post a Fabrairun 2011, lokacin da suka buga wani ɗan rubutu wanda takensa kawai tambaya ce, ƙarfe nawa za a fara Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, aka cika shi da kalmomin da mutane ke nema ta rubutu iri-iri. Ya kawo mutane sosai, daga nan kowace shekara manyan jaridun Amurka suka shiga yin irinsa. Shi kansa amsa wannan tambayar ba laifi ba ne, mutane na son sani. Laifin shi ne in ya zama ma'aikata biyar gare ka kuma duka biyar ɗin irin wannan suke yi daga safe zuwa dare.

Domin abin da ya fi muhimmanci a aikin jarida galibi ba a nemansa, saboda ba a san da shi ba tukuna. Ba wanda zai shiga Google ya nemi asibitin ƙauyen da aka fitar da kuɗin gininsa ba a gina ba, ko malaman firamaren da aka riƙe wa albashi, ko ƙauyen da mutanensa suka watse saboda 'yan bindiga, sai ɗan jarida ya taka ya je ya gano ya faɗa sannan a fara nema. In ma'auninka shi ne abin da ke tashe a Trends, waɗannan labaran ba za su taɓa samun shiga ba, kullum rigimar 'yan TikTok da auren jarumai ne za su ci. Sai a wayi gari shafuka ɗari duk labari ɗaya suke ɗauke da shi, kalma ɗaya hoto ɗaya, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ɗaga waya ya kira wanda abin ya shafa.

Haɗari na biyu gaggawa. Kowa na son ya riga shiga akwatin manyan labarai, sai a buga kafin a tabbatar. A wurin da labarin rikici ɗaya na ƙarya zai iya jawo ramuwar gayya a wani gari, wannan gaggawar rai take ci. Kuma ko ta fuskar kare kai, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da ita wajen kama 'yan jarida da masu shafuka, har waɗanda suke da hujja ma sun sha wahala balle wanda ya buga jita-jita.

Ance Google na iya sauya tsari dare ɗaya shafi ya mutu, da gaske ne?

Da gaske ne. Wanda ya dogara da Google kamar mai rumfar haya ne a kasuwar wani, kasuwa na ci kana murna, amma mai kasuwa na iya tashi ya mayar da ƙofar shiga can wani ɓangare ba tare da ya shawarce ka ba.

A Fabrairun 2011 suka fito da sauyin da ake kira Panda, wanda Google ya ce ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka, an yi shi ne don shafukan da ke zuba dubban rubuce-rubuce marasa nauyi domin kawai su kama kalmomin nema, kuma kamfanin Demand Media mai shafin eHow na cikin waɗanda suka ji jiki a sauye-sauyen wannan shekarar. A Afrilun 2012 wani sauyin mai suna Penguin ya zo kan masu sayen linki. A Agustan 2022 aka kawo wani tsarin na fifita rubutun da aka yi don mutane, a Maris ɗin 2024 kuma aka yi wani babba haɗe da sababbin dokoki. Abin da ke da ciwo shi ne ba masu laifi kaɗai ake bugewa ba, akwai ƙananan shafuka masu aikin kirki da suka yi kukan sun rasa mafi yawan masu shigowa, kuma babu ofishin da za ka je ka kai ƙara a saurare ka.

Wani lokacin ma rigimar ba taka ba ce. A Disambar 2014 Google ya rufe Google News a Sifaniya saboda wata dokar biyan jaridu, bai dawo ba sai Yunin 2022.

Na sha wahala na haɗa labari, wani ya kwafe, kuma nashi ne ke fitowa sama. Ya zan yi?

Wannan yana faruwa kuma yana da zafi, musamman in shafin da ya kwafa ya fi naka tsufa da suna. A Satumbar 2019 Google ya sanar cewa zai riƙa fifita rahoton asali, amma injin ba kullum yake gane waye na asalin ba. Abin da ke hannunka: ka tabbatar naka ya riga shiga rumbun, ta hanyar taswirar shafi ta labarai, wato jerin linkin labaranka da ake miƙa wa Google, da kuma neman a duba linkin a Search Console da zarar ka buga, ka sa kwanan wata da lokaci da sunan marubuci a fili, in kuma da yardarka wani zai sake bugawa ku yi sharaɗi ya sa linkinka ya kuma nuna cewa naka ne tushe. In sata ce ƙarara, Google na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka da ake cikewa a nemi cire shafin daga sakamako.

Sai dai dan Allah mu ma mu duba namu. Ɗauko rahoton jaridar Turanci a fassara a sa suna a kai ba tare da an ambaci mai shi ba, shi ma kwafi ne. Ambaton tushe da saka masa linki ba ya rage maka komai a wajen Google.

Zan iya amfani da AI in riƙa fitar da labarai da yawa a rana?

Google ya faɗa tun Fabrairun 2023 cewa ba ya hukunta rubutu don kawai na'ura ce ta yi shi, ingancin yake dubawa. Amma a dokokin Maris 2024 ya ambaci zuba rubutu masu yawa don kawai a mamaye sakamakon bincike a matsayin laifi, ko mutum ne ya yi ko na'ura. Ga kuma abin da ya faru da manya: a Janairun 2023 aka gano shafin CNET na buga bayanan harkar kuɗi da AI ya rubuta, da suka bincika sai da suka yi gyara a 41 daga cikin 77. A Nuwambar wannan shekarar aka samu rubuce-rubuce a shafin Sports Illustrated ɗauke da sunaye da hotunan marubutan da babu su a duniya.

Wannan fa a Turanci kenan inda na'urar ta fi ƙwarewa. A Hausa kuwa mai karatu na ganewa tun layi na biyu, jimla ta miƙe sandandan, an mayar da mace namiji, an juya adadi. Ka yi amfani da shi wajen rubuta hirar da ka naɗa ko tsara bayanai in kana so, amma duk abin da zai fita da sunan shafinka sai mutum ya karanta ya tabbatar.

Wasu na turo min saƙo za su biya ni in saka musu rubutu mai linki, in karɓa?

Ka yi hattara. Galibi linkin caca ne ko bashin gaggawa ko maganin da ba a san asalinsa ba, kuma abin da suke saye shi ne mutuncin shafinka a idon Google. Sayar da linki don ɗaga wani a sakamako ya saɓa dokar Google, in talla ce a rubuta talla ce mai karatu ya gani, a kuma sa wa linkin alamar sponsored ko nofollow, wadda ke faɗa wa Google kada ya lissafa linkin wajen ɗaga wancan shafin. Tun watan Mayun 2024 suka fara hukunta shafukan da ke ba wasu aron sunansu ta wannan hanyar, kuma har manyan jaridun Amurka abin ya shafa.

Labaran lafiya da tsaro da kuɗi, ance sun fi wuyar hawa sama?

Eh, kuma ni ina ganin daidai ne. Google na da ma'auni mai tsauri kan duk batun da zai iya shafar lafiyar mutum ko dukiyarsa ko tsaronsa, yana duba wa ya rubuta, me ya sani a kai, kuma shafin abin yarda ne ko a'a. Duk wanda ya tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da saƙon nan na a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya zagaye Najeriya cikin dare har aka rasa rayuka wasu da dama suka kwanta a asibiti, ya san abin da bayanin lafiya na ƙarya ke iya yi. Saboda haka ka sa sunan marubuci na gaskiya, ka faɗi likitan ko hukumar da ka ji daga bakinta, ka buɗe shafin da ke bayanin su wane ne ku da yadda za a same ku, in kun yi kuskure ku gyara ku rubuta cewa an gyara.

In sauya kwanan watan tsohon labari ya zama kamar sabo fa?

A'a. In akwai sabon bayani ka ƙara ka nuna lokacin da aka sabunta, in babu ka bar shi yadda yake. Tsohon labarin hari da aka sake wa kwanan wata yana iya tayar da hankalin gari guda. Goge tsofaffin labarai ma ba dole ba ne, a 2023 da aka ruwaito CNET na goge dubban tsofaffin rubuce-rubuce don gyara matsayinsa, Google ya fito ya ce shi ba ya rage wa shafi daraja don yana da tsohon rubutu. Kuma rumbun jarida tarihi ne, wata rana ɗalibi ko mai bincike zai nema.

Yanzu da Google ke ba da amsa da kansa a sama, SEO bai mutu ba kuwa?

Bai mutu ba amma ribarsa ta ragu, gara a faɗa wa juna gaskiya. A watan Mayun 2024 Google ya fara nuna taƙaitacciyar amsar AI a saman sakamako a Amurka, kafin ƙarshen shekarar ya kai ta ƙasashe sama da 100. Cibiyar bincike ta Pew ta duba yadda Amurkawa ke bincike a 2025, ta ga in wannan amsar ta fito kashi 8 cikin 100 ne kawai na ziyarar ke ƙarewa da danna wani linki na sakamakon, in ba ta fito ba kuwa kashi 15. Wato kai ka yi wahalar nemo bayanin, injin ya taƙaita, mutum ya karanta ya wuce bai shigo ba.

Wanda abin ya fi bugewa shi ne mai irin rubutun da amsarsa layi ɗaya ce, ƙarfe nawa, nawa ne farashi, yaushe ne hutu. Abin da ya fi wuyar taƙaitawa shi ne rahoton da ka je wurin da ƙafarka, hirar da kai kaɗai ka samu, muryar mutanen da abin ya shafa, hoto da bidiyon da kai ka ɗauka.

Mutane na shigowa amma kuɗi ba ya shigowa, me ke faruwa?

Yawan masu shigowa daban, kuɗi daban. Masu talla sun fi biya da tsada kan mai karatu da ke Amurka ko Ingila fiye da wanda ke Kano ko Zinder, don haka dubban mutane na iya shigowa abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, ga shi AdSense, tsarin tallan Google, sai kuɗinka ya kai dala 100 kafin su biya. Sannan Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ya amince da su a hukumance, abin da ya sa wasu ke cusa rubutun Turanci a shafinsu don a karɓe su, wasu kuma su cika shafin da tallan wasu kamfanoni masu buɗe shafuka barkatai da hotunan da ba za ka so ɗanka ya gani ba. Wannan na korar mutane kuma yana nauyaya shafin. Ni ina ganin tallan kai tsaye daga 'yan kasuwa da makarantu da asibitocin garinku, irin yadda gidajen rediyo suka daɗe suna yi, ya fi dacewa da shafin Hausa.

Wani ya ce in biya shi zai kai ni lamba ɗaya cikin sati biyu

Kada ka biya. Google da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin lamba ɗaya. Mai irin wannan alkawarin galibi linkin bogi zai saya maka, bayan ya karɓi kuɗinsa hukuncin a kanka zai sauka. Kuma kada ka ba kowa fasuwod ɗin shafinka gaba ɗaya, ka buɗe masa nashi akawun mai iyaka.

Ni sabon shiga ne kuma ba ni da kuɗi, daga ina zan fara?

Ka yi rajistar shafin a Search Console ka tura taswirar shafi, ta labarai kuma ana saka labaran kwana biyun da suka wuce ne kawai a cikinta. In WordPress kake amfani da shi, ƙananan manhajojin SEO irin Yoast ko Rank Math za su taimaka wajen take da taƙaitaccen bayani, amma kada ka ɓata labari don kawai fitilarsu mai auna rubutu ta koma kore, ba da Hausa a zuciya aka ƙera ma'aunansu ba. Ka gwada shafin a ƙaramar waya mai araha a inda netwok ke da rauni, don a nan mutanenka suke, ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma abin da ya fi nauyaya shafukanmu manyan hotuna ne da tarin talla. Ka rage nauyin hoton amma faɗinsa ya kai fiksel 1200 in kana son ya fito da kyau a Discover. AMP, tsarin da Google ya fito da shi na shafuka masu saurin buɗewa a waya, ba dole ba ne yanzu, tun 2021 aka cire sharaɗinsa na shiga akwatin manyan labarai.

Sai ka ware lokaci ka rubuta bayanai masu daɗewa kan abubuwan da mutanen yankinka ke tambaya kullum, kana sabunta su, kana haɗa su da linki daga sababbin labarai. Duk wanda Google ya kawo maka kuma ka nemi hanyar riƙe shi ta wajen da kai ke da iko da ita ko kaɗan, ka gayyace shi tashar WhatsApp ko Telegram ta shafin, ko ka karɓi imel ɗinsa da yardarsa kana tura masa manyan labaran mako. A ƙarshen kowane wata ka duba kashi nawa ne suka zo daga Google, nawa daga Facebook, nawa ne suka rubuta sunan shafinka kai tsaye, in ka ga hanya ɗaya ta haura rabi sai ka ƙara ƙarfi a sauran a watan da ke tafe.